Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Jitar Bes Har Suruki Ya San da Zamanka

Kai da ka rataya jitar bes, waccan mai kaurin murya, matso kusa. Matakan nan ba su taɓa ba mutum kunya ba. Su ne Muzzammil na Kalgo ya bi lokacin da yake neman auren Surayya, alhali mahaifinta Baffa Sambo na Dangoma, mai shanu da gonar shinkafa, ya rantse ba zai ba mai sana'ar banza 'yarsa ba.

1. Zaɓi amfilifaya da ƙugunka, ba da kunnenka ba

Amfilifaya ita ce akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfi. In ka iya ɗaga ta kai kaɗai, rediyo aka sayar maka. Mai shago a Birnin Kebbi ya ce wa Muzzammil, "Tsaya ka ji muryatta tukun." Muzzammil ya ce shi ba sauraro ya zo ba, a kira masa mai kura ya tura masa ita gida.

2. Gwada sifika da nono

Ɗora ƙwaryar nono a kanta, ka ja igiyar da ta fi kauri. In mai bai taso ba, mayar musu da kayansu.

3. Sayi feda bisa launi

Feda ƙananan akwatuna ne da ake takawa don murya ta sauya. Kar ka tambayi aikin kowace, masani ba ya tambaya. Wata tana ƙara kaurin murya, wata tana sa ta gurnani, wata kuma tana maimaita abin da ka kaɗa. Wannan ta ƙarshen ita ce aminiyarka, domin kuskuren da aka maimaita salo ne. Muzzammil ya kwashi ja, kore da ruwan ɗorawa, ya jera su kamar tumatir a faifai.

4. Kar ka tambayi abin da ke bayan zana

Da aka gayyaci su Muzzammil bikin ƙanen Surayya a Dangoma, ya kafa sifikarsa jikin wata zana, daf da magariba, lokacin da garke ke dawowa. Ya hango Surayya cikin mata, zuciyarsa ta kumbura, ya taka fedojin nan gaba ɗaya, ya ja igiya.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kukan sa ne mai neman faɗa, kuma feda tana ta maimaita shi. Bajimin Baffa, wanda ba ya yarda wani namiji ya yi magana a garkensa, ya keto zana ya zurma ƙaho cikin sifika. Mata suka watse, fura ta malale, can fadama kuwa tsuntsaye suka tashi baƙi ƙirin. Muzzammil ya tsinci kansa a kan darbejiya, jita a wuya, yana jin kunya kamar ya nutse.

5. In suruki ya aiko, tafi

Washegari Baffa ya aiko kiransa, Muzzammil ya je ya durƙusa, ya riga ya yi ban kwana da Surayya a ransa.

Baffa ya dube shi ya ce, "Wanga abu naka, shina gyaruwa?"

"Shina gyaruwa, Baffa. Amma wallahi na bari."

"Ka bari? Tsuntsayen nan jan-baki, masu cin shinkafa, sun hana ni barci bana. Mun buga gwangwani, mun yi ihu, ba su ko ɗaga kai. Kai ka ja igiya guda, fadama ta koma wayam. Ashe kana da sana'a! Turo magabatanka in an yanke shinkafa. Amma ka yi nesa da shanuna."

6. Riƙe masu sauraronka

Yanzu kullum da hantsi Muzzammil yana kan kunyar gona da janareta, yana zuba fasaha. Shi ne makaɗi na farko a Kebbi da ake yaba wa saboda ba a tsayawa jin sa. Surayya takan kawo masa fura, kunnuwanta a toshe da auduga da kyau.

Gargaɗi: Mai wannan nasiha bai san ka ba, bai san sanka ba. Ƙaho, karaya ko sifika mai huji, duk kai ka ja igiyarka. In kuma surukinka ba ya noman shinkafa, to, tun wuri ka duba inda darbejiya take.