Kyamarar da Ke Kallon Tsani

"Lafiya ƙalau na tashi, amarya. Sai da na ga fuskarki ne jikina ya fara sanyi," in ji tsohon, ko motsi bai yi daga kujerarsa ba.

"Dole jikinka ya yi sanyi, ango. Duk mai abin ɓoyewa haka yake yi in ya ga kyamara ta shigo."

Ta dire kwali a kan kantar shagon, ta sauke jakar kayan aikinta. Shagon na kayan gini ne, dogo siriri kamar lungu, gabansa ƙusoshi da makullai da kawunan famfo, can ƙurya kuma gwangwanayen fenti jere har silin. Mai Fenti ake ce wa tsohon tun kafin a haifi uwar wannan da ke tsaye a gabansa. Ita jikar tasa sana'arta ke nan, kafa kyamarori a shaguna da ofisoshi.

Shi ya jawo zancen da bakinsa. Ya yi ƙorafi a gida cewa kawunan famfo na ɓacewa daga kantar bakin ƙofa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne saurin da aka amsa. 'Ya'yan da sai ya gaji da magana kafin su aiko mai gyaran fanka, su ne kafin ya rufe baki har sun sayo kyamarori. Tun da ya ji haka bai yarda da lamarin ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Soyayya."

"Ƙarya kike. Ke da ko gaisuwa sai an biya ki?"

"To tausayi. An ce mini ɓarayi na shigowa su gaishe ka, su ɗauki kaya, ka raka su bakin ƙofa da addu'a."

"Ni? Tun kina jan gindi nake gane ɓarawo daga tafiyarsa. Maƙala kyamarar can sama, a kusurwar silin, ta ga ko'ina. Ki gama ki ba ni wuri."

"Can sama? In ka ga na sa ta can, to huluna nake so mu tara. Ba irin ta da ba ce, wadda sai an yi sata a zauna ana mayar da hoto baya. Wannan tana tare da ƙirƙirarriyar basira. Da kanta take gane mutum ya shigo, ya daɗe tsaye gaban kaya, ko ya miƙa hannu inda bai kamata ba. Amma sai ta ga fuska da hannu. In ta yi sama da yawa, sanƙonka kawai za ta riƙa gani, ta ɗauka fitila aka bari a kunne."

"Sanƙon nan mata sun yi dambe a kansa."

"Na ji labari. Wadda aka kayar ita aka bar wa kai."

Ya yi tsaki, ya gyara hularsa. Ta jawo tsaninta na ƙarfe, ta auna bango da ido, ta tsaya ɗan sama kaɗan da inda hannun dogon mutum zai kai. Ya nuna mata bangon da ke fuskantar ƙofa sosai, ta girgiza kai.

"In ta kalli ƙofa kai tsaye, hasken waje zai kashe mata ido. Duk wanda ya shigo baƙar inuwa zai zama. Daga gefe zan sa ta, hasken ya faɗo a fuskar mutum. Kuma fankar nan taka mai kukan akuya kada ta shiga hoton, in ba haka ba duk juyin da ta yi sai na'ura ta ce ga baƙo."

"In ta ga baƙon, wa take gaya wa?"

"Waya."

"Wayar wa?"

"Wayar da aka haɗa ta da ita mana." Ta danna injin huda bango, ƙara ta cika shagon.

Ya lura da hakan. Tambaya ta fito sarai, aka rufe ta da ƙarar inji. Ya kwantar da bayansa a kujera yana kallonta ta ƙasan ido. Ta gama ta farko, ta sa ta biyu a saman kantar ciniki, tana kallon hannun mai saye da mai sayarwa. Har nan bai ga abin cewa ba. Sai da ta ɗauki ta uku ta nufi ƙurya.

"Ke! Ina za ki?"

"Ciki."

"Famfo a bakin ƙofa ake sace shi. Can ciki ba mai shiga sai ni."

"To ai shi ya sa. Wa ya sani ko kai ke sace kayanka?"

"Amarya, dube ni nan."

"In dube ka in ga me? Na ƙoshi tun da safe."

Ba ta dube shi ba. Ta kafa tsaninta daura da nasa na katako, wanda ke jingine da jerin fenti. A kan wannan tsanin ne ƙafarsa ta zame watan jiya. Ya daɗe kwance a tsakanin gwangwanaye yana kira ba mai ji, sai da maƙwabcinsa mai gilashi ya leƙo aron guduma. Tun ranar babbar 'yarsa, uwar wannan yarinya, ba ta da zance sai ɗaya: Baba ya rufe shago ya zauna a gida. Shi kuwa ya san abin da zaman gida ke yi wa sa'o'insa. Ya ga waɗanda aka zaunar, ya kuma raka su makabarta.

Ya tashi da ƙyar, ya bi ta yana ɓoye ɗingishinsa.

"Me za ta kalla a nan?"

"Tagar baya."

"Tagar da ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta wuce tsakanin ƙarafunanta?"

"Ɓarayin yanzu sirara ne. Ba irin na zamaninku ba masu tumbi."

"To me ya sa kyamarar ba ta kallon tagar?"

"Haske."

"Haske dai. Komai haske."

Ta sauko, ta ja da baya, ta tsaya a gindin tsanin katako tana duba wayarta. Ya leƙa ta kafaɗarta. Ga ta nan a hoton daga kai har ƙafa, ga tsanin, ga daɓen gaba ɗaya. Ta koma ta ɗan sunkuyar da kyamarar, ta ture wani buhun siminti da ya tare kusurwa, sannan ta sa yatsa ta zana layi a fuskar wayar, ta kewaye daɓen.

"Waccan kin ce fuska take so. Wannan kuma ƙasa take so?"

"Kowace da abincinta."

"Ɓarawon da cikinsa zai shigo kamar maciji?"

"Kai dai ba ka san komai ba sai fenti. Shi ma fentin rabi a rigarka yake ƙarewa."

"Uwarki ta aiko ki."

"Umma? Ina ruwan Umma da kyamara? Ita da ko hoto aka ce a ɗauke ta sai ta rufe ido."

"Rantse."

"Ba na rantsuwa a gaban miji, rashin kunya ne." Ta naɗe wayar wuta ta rataya a kafaɗa. "Saura ta waje. Ka zauna a kujerarka, kada ka taɓa komai, kada ka hau komai."

"Kada in hau komai," ya maimaita a hankali.

Ta fita. Ya ji ta tana jan tsani a bakin titi, ya ji injin ya fara cin bango. Ya tsaya shi kaɗai a ƙuryar, shi da kyamarar suna kallon juna. Ɗan jan haske na ƙiftawa a gefenta. A ransa ya ce, in tambaya ba ta fito da gaskiya ba, akwai abin da zai fito da ita.

Ya jawo wani faffaɗan kwali ya shimfiɗa a gindin tsanin, don ba zai ɓata rigarsa saboda munafukai ba. Ya dafa gwangwani, ya durƙusa, ya zauna, ya miƙe a ƙasa. Ya jefar da hularsa gefe don abin ya yi kyau. Ya karkatar da ƙafa ɗaya, ya rufe ido.

Shiru. Yana jin sanyin siminti ta cikin kwalin. Har ya fara tunanin ko ya zargi mutane a banza, sai ga wata ƙara mai tsini daga waje, kamar kukan mota. Injin ya mutu. Wani abu ya faɗi a kan titi. Sai gudu.

"Kaka! Kaka!"

Ba ango, ba tsoho. Rabon da ya ji ta kira shi haka tun tana ƙarama. Ta zube a gefensa, ta ɗora hannu a kan ƙirjinsa. A daidai lokacin wayarsa ta hau ruri a aljihu. Ya buɗe ido ɗaya, ya zaro ta, ya duba sunan, ya juya mata ta gani. Sannan ya danna.

"Baba! Baba, kana jina? Kada ka motsa, ga ni nan zuwa!" Muryar babbar 'yarsa ce, tana haki.

"Lafiya lau nake. Hutawa nake yi. Ke da ba ruwanki da kyamara, wa ya gaya miki na kwanta?"

Jikar ta kau da kai.

"Zauna inda kike," ya ce. "Mun kama ɓarayin, su biyu ne. Zan kira ki." Ya kashe.

Jikar ta zauna daɓas a ƙasa, ta share ido da bayan hannu. "Wallahi kai mugu ne. Sabon injina na yar a titi saboda kai."

"Ni ne mugu? Kun sa mini ɗan sanda a shago kun ce tagar baya yake gadi."

"Da na gaya maka za ka yarda?"

"A'a."

"To."

"Hujja kuke tarawa. In faɗi sau ɗaya, sau biyu, a kira taro, a nuna hoto, a ce Baba ya ga kansa, a karɓe makulli."

"A juye ka fahimta. An riga an yi taron, ba ka nan. Kowa ya ce a rufe shagon. Ni na ce a'a, in an raba ka da warin fenti ba za ka kai ko'ina ba. Na ce a ba ni dama in sa abin da zai yi ihu in ka faɗi. Da wannan sharaɗin Umma ta haƙura. In ka cire ta, ka cire shagon."

Yana kallon silin, inda gizo-gizo ya yi gida a jikin fitila. An yi taro a kansa ba ya nan. Abin ya yi masa ɗaci, ya haɗiye.

"Kin yi ne don kada a dawo miki da ni gida ki riƙa dafa mini abinci," ya ce daga baya.

"Ka gano ni."

"Matsa in tashi."

Ya dafa ƙasa ya yunƙura. Gwiwar ta ƙi. Ya juya ɗaya gefen, ya kama ƙafar tsani, tsanin ya yi motsi kamar zai biyo shi, ya sake shi da sauri. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Kwanciyar da ya yi da ƙafarsa, tashinta ya gagare shi. Ta naɗe hannu tana kallonsa, ba ta yi dariya ba.

"Har yanzu gwajin ne?"

"Gwajin ne. Ina duba ko na'urar na da haƙuri."

"To bari in je in ƙarasa ta waje."

"Ke, ja'ira. Kawo hannu."

Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, ta ɗaga shi a hankali. Ya ji ƙarfin hannunta, ya tuna lokacin da shi ke ɗaga ta da hannu ɗaya ya ɗora ta a kan kantar shagon. Ta kakkaɓe masa baya, ta ɗauko hular ta kifa masa a karkace, ta kai shi kujera.

Ya daɗe yana maida numfashi. Sannan ya nuna ƙuryar da haɓa.

"Ta zauna. Amma da sharaɗi. In ta ga na kwanta, ke za ta fara kira. Uwarki kafin ta iso ta tara mini rabin gari."

"In ban ɗauka ba, ta kira Umma."

"Na ji. Kuma ta saman kantar nan ba ta da izinin gaya wa kowa in na yi gyangyaɗi."

"Wannan ba sai an gaya wa kowa ba. Munsharinka har tasha ake ji."

Dariya ta ƙwace masa, har ya dafe gwiwar. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kantar, ya lalubo sabuwar tocila a kwalinta, babba, irin mai haska nesa, ya tura mata.

"Ungo. Ki riƙa haskawa a hanya, ko Allah zai sa ki ga mijin da ya fi ni."

Ta kunna, ta dalle masa fuska da ita, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Kai," ta ce, "ashe duhu ne ke rufa maka asiri."

"Fita ki ɗauko injinki kafin a sace," ya ce yana kare ido da hannu, yana dariya. "Ta wajen ba ki gama sa ta ba."