Haƙorin Azurfa Ya Sauya Gefe

Yayata takan ƙirga haƙoranta da harshe kowace safiya kafin ta yi wa kowa magana. Sha ɗaya ne. Da na dama ya fara hana ta tauna, sai ta ce in raka ta wajen jikanta, likitan haƙori, wanda tun yana cikin zanen goyo take kiransa maigidanta. Na zauna a kujerar kusa da ƙofa, jakarta a cinyata. A lungun ɗakin akwai wata sabuwar na'ura, doguwa, ko ledar jikinta ba a gama ɓarewa ba.

"...lafiya lau, sai dai kunya," in ji ta. "Mijina likitan haƙori, ni kuwa ina tauna da gefe ɗaya kamar akuya."

"Amarya, ai ke kika ƙi zuwa. Kina tsoron in ga shekarunki a bakinki."

"Shekaruna? Ni da na ga fitowar haƙorinka na fari, ka gwada shi a yatsana?"

"To yau ranata ce ta ramuwa. Taso ki tsaya nan. Ɗora haɓarki, ciji wannan. Kada ki motsa."

"Wannan kuma mene ne? Ina ɗan katin da kake cusa wa mutum a baki?"

"Wancan ya tsufa, kamar wasu. Wannan zagaye kanki zai yi, ya ɗauko bakin gaba ɗaya."

"Idan ya ɗauko har da abin da nake tunani a kanka, ba ruwana."

Na'urar ta yi ƙugi ta kewaye kanta sau ɗaya. Hoto ya fito a kwamfuta, muƙamuƙi a shimfiɗe kamar ana yi mana dariya. Likita ya danna nan, ya danna can. Hoton ya girma, ya ɓace, ya dawo. Na ga ya sosa ƙeya.

"Ga ɓarawon nan," ya ce. "Turmin hagu, na can ƙarshe. Ya ruɓe har saiwa. Yau zai bar gida."

"Na dama dai."

"Na hagu."

"Kai yaro, da na hagun nake ci. Shi kaɗai ya rage mini mai aiki. Ka cire shi, sai dai ka riƙa tauna mini kana ba ni, kamar tsuntsu."

"Ciwon haƙori yakan yi ƙaura, Amarya. Yana nan, ki ji shi can."

"Ƙaura har ƙetaren harshe? Da wace mota?"

"Gani ya kori ji. Ga hoto."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kwana tara ina kwana da shi, kai ko minti tara ba ka yi da hoton nan ba."

"Na'urar nan ba ta ƙarya."

"Ban ce tana yi ba. Mai karanta ta nake tuhuma."

Ya kwantar da ita a doguwar kujera, ya ɗaura mata ƙyalle a wuya, ya jawo fitila, ya sa safar hannu. Ya ƙwanƙwasa na hagu da ɗan ƙarfe, ba ta ko ƙifta ba. Ya ƙwanƙwasa na dama, ta damƙe masa hannun riga.

"Wayyo! Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Kin ga, kina yi ne don ki ci gardama."

"Ƙwanƙwasa naka mu gani."

Ya dubi bakin, ya dubi kwamfuta, ya sake duban bakin. Ya ɗauki allurar kashe zafi daga kan faranti, an riga an zuƙa. Ni dai na yi tari.

"To wai hagun wa kake nufi?" ta ce. "Nawa, ko naka, ko na akwatin?"

"Naki. Wato, idan ina fuskantarki, damarki ce haguna. A hoton kuma... tsaya."

"Na tsaya. Ina za ni, ka ɗaure ni da tsumma a wuya?"

"Hagun hoto shi ne damarki. Sai dai in an juya. In an juya kuma, hagun..."

"Innalillahi. Yaron da aka kashe wa kuɗin shekara shida a makaranta."

Ta ɗaga kai ta ƙura wa hoton ido, ta miƙa yatsa.

"Wancan mai haske fat ɗin, mene ne?"

"Haƙorinki na azurfa. Ƙarfe haka yake fitowa."

"Gefensa ɗaya da ruɓaɓɓen?"

"A'a. Yana ɗaya gefen."

"To buɗe idonka." Ta ja leɓe da ɗan yatsa. Azurfar ta yi ƙyalli a hagu, maƙwabciyar turmin da yake shirin cirewa. "Kakanka ne ya sa mini shi, kuma tun ranar bai taɓa sauya gefe ba. In ruɓaɓɓen ba gefensa yake ba, ina yake?"

Likita ya matsa kusa da kwamfutar. A kusurwar hoton akwai wani ɗan harafi da ke nuna gefe, ga shi nan a birkice, ya ba mu baya. Ya danna wani wuri, muƙamuƙin ya juya gaba ɗaya. Ya mayar da allurar cikin faranti a hankali.

"Ni na juya shi," ya ce. "Ɗazu, wajen ƙara girma."

"Wa ya koya maka abin nan?"

"Waɗanda suka kawo ta. Horon kwana uku ne."

"Ka yi nawa?"

"Rabin yini. Marasa lafiya sun cika layi, Amarya."

"Rabin yini! Ashe sabon makaho ne ke jan tsohuwa. Mutum nawa ka riga ka juya wa baki?"

"Ke ce ta farko."

"Wato ni ce akuyar gwaji."

Ya yi dariyar yaƙe. Ya buɗe durowa ya ɗauko sabon buroshi mai laushi da ƙwayoyin rage zafi, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kin ci, Kaka. Kwanta in cire na daman, yanzu na gan shi."

"Yau kuma Kaka na zama? Kwance mini tsumman nan. Na yi kwana tara da shi, zan iya ƙara uku. Ka je ka gama karatunka, sannan ka zo neman aurena."

"Zai dame ki fa."

"Ya dame ni. Shi dai na san gefensa."

Ta karɓi jakarta daga hannuna, ta jefa buroshin ciki. Da muka kai ƙofa na waiwaya. Ya zaro takardar neman horon daga ƙarƙashin wasu fayiloli, ya shimfiɗa ta a tebur. Sunansa kawai ke jiki, da alama tun tuni ya rubuta shi. Ya cire murfin biro ke nan, sai aka leƙo aka ce mara lafiya na gaba yana jira.