Farautar Gasasshiyar Kaza

A gonar abokinsa bayan birnin Lyon, Malam Issoufou ya miƙo mini arbalète a ɗane, bakan nan mai kunama kamar bindiga. Na ce ya huta da bayani, ni jikan maharbi ne.

Da abinci ya sauka ya ce, "Décharge-la, sauke ta, harba a ƙasa."

"Haba Malam, a ɓata kibiya?"

Na riƙe tsirkiya da yatsu biyu, yadda kakana ke sassauta bakansa, na taɓa kunama. Tsirkiya ta kwashe fatar yatsuna. Kibiya ta gilma ta gefen ƙafar matar Malam, Hajiya Rakiya, ta kafe cikin gasasshiyar kazarmu.

Har yau ko a jirgin ƙasa na metro muka haɗu, sai Hajiya ta rusuna: "Sarkin Baka, ya daji? Yau ma gasasshiya aka harbo?"