Shukar da Ta Raina Famfon Injiniya

Duk faɗin garinmu babu wanda ya san ruwa kamar Injiniya Oldrich Kubelka. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ba a san shi da ƙarya ba. Mataimakin darakta ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya, kuma yana kallon kowane famfo a garin nan tamkar ɗan cikinsa. In ka gaishe shi ka manta da "Injiniya", sai ya waiwaya ya ga ko da wani kake. A bayan idonsa Babban Famfo ake ce masa, don in ya buɗe baki ba a samun mai rufewa.

Da ritaya ta bar shi babu wanda zai ba umarni, sai ya shiga ƙungiyar masu renon tsirrai maciya ƙwari, wadda ke zama kowace Alhamis a ɗakin baya na gidan giya. Kafin shekara ta zagayo ya zama shugaba da gagarumin rinjaye, kasancewar shi kaɗai ya nemi kujerar. Shugaba kuwa ba ya renon ƙananan tsirrai irin na mabiya. Ya sa aka kawo masa shuka mai tulu, 'yar asalin dazukan Borneo, wadda kowane ganyenta ke ƙarewa da jan tulu mai murfi, ƙwaro ya zame ciki ya zama romo. Ya kafa mata akwatin gilashi a falo, daidai inda matarsa Ludmila ke ɗinki. Keken ɗinkin ya koma lungu.

Safe da yamma yake shayar da ita, da hannunsa, da ruwan famfonsa.

Ba a daɗe ba tuluna suka fara bushewa daga baki. Wani farin ɓawo ya hau kan gansakukar da ke cikin tukunyar.

"Olda, abar nan taka ta yi yaushi," in ji Ludmila, wadda ita kaɗai ke gajarta masa suna.

"Kwarjinin gidan ne bai sake ta ba tukuna," in ji shi.

Ranar Alhamis ya ambaci zancen a taro, ba don neman shawara ba, don dai mabiya su ƙaru. Zdenka Holubova, mai kantin magani, ta ajiye kofinta.

"Injiniya, ruwan garin nan farar ƙasa ta yi masa yawa. Mu yana mana daɗi, ita kuwa ƙona mata saiwa yake yi. Ka wanke tukunyar, ka koma ba ta ruwan sama."

Injiniya ya miƙe tsaye, ya ɓalle maɓallin kwat ya sake ɓalla shi.

"Ruwan sama! Wa ya gwada shi? Wa ya sa masa hannu? Ruwan da ya zubo daga gajimaren da ba a san ta wace iyaka ya shigo ƙasar nan ba! Ruwana ya raini likitoci da alƙalai. Ke kanki da shi aka yi miki wankan farko. Ganye ne zai zo daga daji ya ce ya fi ƙarfinsa?"

Babu wanda ya tanka. Injiniya ya ɗauki shirun a matsayin tafi.

Tunda ruwa ba shi da laifi, dole a nemo mai laifi. Laifi tudu ne, kuma Injiniya mutum ne mai hangen nesa. Ya fara da rana, ya same ta da sakaci, ya sallame ta ya ɗauki fitila aiki. Fitilar ta gasa ganyen sama. Ya koma kan iska, ya haramta wa Ludmila buɗe taga, ya liƙe bakin akwatin ruf. Gilashi ya yi gumi, fumfuna ta fito a jikin gansakuka. Daga nan ya gano ainihin cutar: ƙishirwa. Ya ninka ruwan.

Tulu ɗaya ya rage, ƙarami, yana reto a ƙarshen ganye kamar mai neman a yi masa afuwa.

Ran Lahadi suna cin gasasshiyar agwagwa da kabeji, Injiniya ya dubi tulun ya dubi farantinsa, basira ta sauko masa.

"Yunwa ce, Ludmila. Wa ya taɓa yin ƙiba da sauro?"

Ya yanki tsoka mai kitse ya cusa mata.

"In ta ƙoshi ka tambaye ta ko tana son shan kofi," in ji Ludmila.

Tulun ya ruɓe, ya faɗi. Falo ya ɗauki wani wari da ya sa baƙi ke tuna suna da uzuri tun daga bakin ƙofa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Gindin shukar ya yi baƙi, ganye suka bi juna ƙasa. Sai ga 'yan mitsi-mitsin ƙudaje sun ɓullo daga jiƙaƙƙiyar gansakuka, suka yi aure, suka hayayyafa, suka cika gidan wadda aka kawo ta cinye su.

Ana haka bikin nunin tsirrai na bazara ya zo, kuma a ranar ake zaɓen shugaba. Bana Zdenka ta fito takara. Ludmila ta roƙe shi ya bar akwatin a gida ya ce mura ta kama shi. Ya ce janar ba ya zuwa fareti ba doki. Maƙwabta biyu suka ciccibi akwatin zuwa zauren taro, suna kawar da fuska.

Ya tsaya gefensa da sandar nuni.

"Jama'a, jahili zai kalli nan ya ce shuka ta mutu. Masani kuwa ya san ta shiga hutun dabara ne. Ta janye tulunanta, ta bar abokan gaba su taru su saki jiki. Ranar da za ta farka, tarihi zai rubuta."

Ya yi awa guda a kan haka. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa teburin Zdenka, inda tuluna ke reto jajir. Aka kaɗa ƙuri'a. Injiniya ya sami ɗaya, kuma an san rubutun.

Yana tsaye shi kaɗai, sai ga wani baƙo mai gemu ya durƙusa gaban akwatin, hancinsa a jikin gilashi, ya daɗe bai motsa ba.

"Ranka ya daɗe, aikinka ne wannan?"

"Injiniya Kubelka," in ji Injiniya, ƙirjinsa ya fara dawowa.

"Injiniya, na zaga ƙasar nan kaf ban ga irinsa ba. Wallahi hannunka na da albarka."

"Sai mai ido ke gani. Sirrin yana cikin ruwan."

"Radim sunana, kwaɗi nake kiwo, 'yan ƙanana masu launi. Shekara da shekaru ina fama in tara musu ƙudaje, ba su taɓa yi mini yawa haka ba." Ya ƙara matsawa, ya nuna tsakiyar akwatin da yatsa. "Dabarar da ta fi burge ni ma ita ce wannan busasshen tsinken. Don su riƙa hutawa a kai ka kafa musu, ko?"