Dilan da Ya Sace Silifas ɗin Surukina

Ko zan manta da komai a rayuwar nan, ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin bikin Nafisa, ƙanwar matata. Har yau in na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba Likita, ya yi ritaya yana zaune a Selly Oak, Birmingham, gidansa a tsakiyar gidajen ɗaliban jami'a. Mutum ne marar yawan magana. Shekara bakwai ina auren 'yarsa Hadiza, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "mijin Hadiza". Ba wulaƙanci ba ne, haka yake, amma abin yana ci mini rai a ɓoye. Abu ɗaya ne ke sa shi fara'a har haƙoransa su fito: wata tsohuwar motar Amurka ja, mai dogon hanci, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. In aka tayar da injinta, tagogin maƙwabta rawa suke yi. Kuma ya yi alkawari tun Nafisa tana makarantar firamare cewa da wannan motar, shi da kansa, zai kai ta wurin walimar aurenta, don ita ce auta.

Saura wata guda biki, motar ta fara ƙara daga gaba, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da ta hau tudun rage gudu. Mun zo daga Manchester gaisuwa, ana cin tuwo, Baba ya ambaci maganar cikin damuwa. Ba wanda ya tambaye ni, amma bakina ya riga hankalina.

"Baba, wannan ai ƙaramin abu ne. A bar mini."

(In faɗi gaskiya, ni injiniya ne, amma na magudanar ruwa. Aikina lissafin inda ruwan sama zai bi in ya sauka a titi. Tsakanina da mota sai zuba mai.)

Baba ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To, Injiniya, na bar maka."

Injiniya! Wallahi a ranar ko hanya ban gani ba har muka isa Gorton, unguwarmu a Manchester. Hadiza ce kawai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Kai da ko kwan fitila sai ka kira mutum?" Na ce mata mata ba su san sirrin ƙarfe ba.

Kafin mu taho na shiga ƙarƙashin motar, kuma cikin ikon Allah na gano matsalar. Akwai wata sandar ƙarfe da ta ratsa gaban motar, ita ke hana ta karkata a kwana. Robobi biyu ne ke rungume da sandar don kada ƙarfe ya bugi ƙarfe, su ne makanikai ke kira bushin. Na Baba sun tsufa, sun tsattsage. Na kwance su duka biyun na sa a aljihu, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari bayan aiki na hau jirgin cikin gari na tram zuwa unguwar Cheetham Hill, wurin Alhaji Seidu. Dattijo ne Bahaushen Kumasi, yana da garejinsa a bayan shagunan 'yan sari, kuma kawun angon Nafisa ne, don haka muna ɗan gaisawa. Ba shawara na je nema ba, na je ne ya yaba mini. Ya juya roba ɗaya a hannunsa, ya leƙa raminta, ya girgiza kai.

"Ɗana, kar ka auna roba. Roba ya tsufa, ya buɗe baki. Koma Birmingham ka auna ƙarfe. Motan America iri ɗaya, shekara ɗaya, sai ka ga ƙarfe size uku. Ko ka bari weekend in bi ka mu duba."

Na yi murmushin nan na masu digiri. Na ce, "Alhaji, kada ka damu, ina da ma'auni na digital. Ai aikinmu ne."

Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Birmingham fa tafiyar awa biyu ce kawai, amma girman kai ya nuna mini ita kamar Makka. Kuma ban so Baba ya ga na kawo wani ya taya ni, kada a raba mana sunan Injiniya biyu. Na zauna a teburin cin abinci na auna ramin tsohuwar robar sau uku, na rubuta a takarda har da zane. Ma'aunin ya nuna inci ɗaya da ɗoriya. Na yi oda daga Amurka, aka ce sai mako uku. Duk lokacin da Baba ya kira Hadiza, sai in ji ya ce, "Ina Injiniya? Yaya aikinmu?" Ni kuma in amsa daga nesa, "Komai na tafiya daidai, Baba."

Kayan suka iso ranar Alhamis, biki Asabar. Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga garejin Baba na rufo ƙofa, gida cike da mata ana ta soye-soye. Na zura sabon bushin a sandar, na ɗaure, na girgiza. Sandar tana wasa a ciki kamar cokali a cikin kofi. Sai a lokacin na ɗora ma'aunin a kan ƙarfen, abin da Alhaji ya ce in yi tun mako uku da suka wuce. Ko inci ɗaya bai cika ba.

Na zauna a ƙasa. Tsoffin robobin na riga na jefar da su a Manchester. Abin da ya kamata shi ne in fita in gaya wa Baba gaskiya, ko in kira Alhaji Seidu in ba shi haƙuri. Amma sai na tuna makanikan bakin titi a can ƙasarmu, yadda suke yanka tsohuwar taya su cike giɓi, mota ta yi shekara tana tafiya. Na duba garejin, babu taya. Abin da idona ya faɗa a kai shi ne silifas shuɗi a bakin ƙofar baya, wanda Baba ke sawa in zai yi alwala.

(Na san abin da kuke cewa. Ni ma na faɗa wa kaina. Sai dai Shaiɗan ya ce mini ƙafa ɗaya kawai zan ɗauka.)

Na yanka ƙafar hagu gida biyu, na cusa kowane yanki tsakanin roba da ƙarfe, na ɗaure tam. Na girgiza, shiru. Ragowar na tura can ƙasan kwandon shara. Na fito ina goge hannu, na ce, "Baba, an gama." Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Da safe na tarar da shi a bakin ƙofar baya, ƙafa ɗaya cikin silifas, yana waige-waige. Ya tambayi mata, ya tambayi baƙi. Da na yi shiru da ya fi mini, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Na ce, "Baba, ai dilolin nan ne na Ingila da ke yawo cikin unguwa. Sun ƙware wajen satar takalmi. Mu ma a Gorton haka suke mana." Har na ƙara da cewa ya kamata a kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma. Baba ya ce, "Ikon Allah," ya yi alwalarsa da takalmin wani.

Bayan azahar aka fito da amarya. Baba ya sha babbar riga fara ya zauna a gaban sitiyari, Nafisa da Hajiya surukata a baya, mu kuma muna biye cikin jerin motoci. A Bristol Road mutane har tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Ina ta ce wa Hadiza, "Kin ji wata ƙara? Ba ki ji ba." Sai da muka shiga layin da zai kai mu zauren walima, mai tudun rage gudu har guda biyar. Na farko lafiya. A na biyu na ji ƙwas. A na uku abin ya zama gwaram-gwaram, fiye da yadda yake kafin in taɓa shi. Baba ya rage gudu yana tafiya kamar mai bin gawa, har ya tsaya a bakin zauren, inda dangin ango suka yi layi da wayoyi a hannu. Nafisa ta fito tana riƙe da ƙirji, tana cewa, "Baba, I thought the wheel was coming off! Na zaci tayar za ta fice!"

Alhaji Seidu yana cikin layin. Ya matso gaban motar. Ya miƙa wa wani hularsa, ya tattare rigarsa, ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin motar. Ya zaro wani abu shuɗi da ke lilo, ya ɗaga shi sama yana dubawa. Lamba arba'in da huɗu tana nan raɗau a jiki.

"Wannan wane kamfani ne?" in ji shi. "Shekara talatin ina aiki, ban taɓa ganin bushin da size na ƙafa ba."

Wurin ya kwashe da dariya, har masu ɗaukar hoto. Baba kaɗai ne bai yi ba. Ya karɓi yankin, ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya neme ni cikin jama'a, ya ce a hankali, "Mijin Hadiza, ashe dilan yana sa babbar riga."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba lalacewar aikin ce ta fi ƙona ni ba, ƙaryar ce, da kuma yadda sunana ya koma inda na same shi. Ranar ko shinkafa ban iya ci ba, na wuni a bayan wani ginshiƙi kusa da masu raba lemo.

Washegari na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, tun daga shawarar da na raina. Ya saurara, ya ce, "Ya wuce." Alhaji Seidu ya auna ƙarfen cikin minti ɗaya, kuma bayan mako biyu ya ɗaura waɗanda suka dace, ni ina riƙe masa fitila.

Na ɗauka magana ta mutu, sai ga ƙunshi ya iso mini Gorton ta gidan waya. Na buɗe, ƙafar dama ce ta silifas ɗin, da 'yar takarda cikin rubutun likitoci: "Ka ajiye, ko na baya ma za su buƙaci gyara."

Tana nan a saman teburina, ban jefar ba. Yanzu kafin in yi odar ko da ƙusa ce, sai na je na auna ƙarfen da kansa. In kuma dattijo mai baƙin mai a farce ya ce mini "ɗana, kar ka yi", digirina nake naɗewa in sa a aljihu in ce masa to.