Sakan Biyar da Suka Share Makin Zango Guda

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar zafi ba, ko da kuwa na so in manta, domin Malama Rifkatu tana nan da ranta, kuma ba ta da niyyar bari in manta.

Ni ne mai kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Gidan Dare a Sakkwato. Karatuna bai yi nisa ba, difloma ce kawai, sauran duk da hannu na koya. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, shi ya sa muke amfani da wata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda kowa a duniya ke iya gyarawa ya aika a duba. Da na gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu manhajar da ɗan filash na kwamfuta, sai na koyi tayar da su ta netwok: a ajiye kwamfuta guda a matsayin uwa, sauran in an kunna su su nemi manhajar daga wurinta ta waya.

Littafin jagorar wannan aiki ya tsufa. Mako biyu na yi ina bin abin da ya ce, abu yana ƙi. Da na gano hanya da kaina, sai na sake rubuta shafin gaba ɗaya na aika wa masu kula da manhajar ta intanet. (Kafin a ko buɗe shi, na riga na shaida wa mutanen majalisarmu ta Ƙofar Marke cewa sunana zai shiga littafin da Turawa ke karantawa. Har shayi aka saya mini.)

Bayan kwana uku amsa ta zo daga mai duba gyare-gyare, wani mutum da ban san ƙasarsa ba, hotonsa ma na kyanwa ne. Ya yi godiya, ya ce aikin ya yi kyau, amma wuri ɗaya bai yarda da shi ba. A misalin da na rubuta, kwamfuta in ta tashi ta netwok tana jira sakan biyar, in ba a taɓa komai ba sai ta share duk abin da ke cikinta ta zuba sabuwar manhaja. Ya ce in juya shi: in ba a taɓa komai ba, ta tashi yadda ta saba.

Wallahi raina ya ɓaci. Ban ga godiyar ba, ban ga yabon ba, wannan layi kaɗai na gani. Mutumin da ke zaune cikin sanyi, ƙila da kofin gahawa, shi zai koya mini aikin da na yi gumi a kansa? Ya san wahalar bin kwamfuta ashirin kana danna maɓalli a kowace, fanka tana hura maka iska mai zafi? Na rubuta masa cewa wannan shafi na ƙwararru ne, wanda bai san abin da yake yi ba ya je ya sayar da tumatir. Na ƙara da cewa da sunan Bature ne a kan gyaran da tuni an karɓa. (Wannan maganar tana can har gobe. A wurin mutanen nan ba a goge komai, kowa na iya karantawa.)

Ya amsa da layi ɗaya: “In wata kwamfuta ta tashi ba da sanin mai ita ba fa?”

Na ce zan nuna masa. Ranar Larabar na shirya uwar daidai da yadda na rubuta, zan ɗauki bidiyo in aika masa ya sha kunya. To, intanet ɗin makarantar a ofishin malamai yake. Ka'idata kullum ita ce in zare wayar da ta haɗa ɗakina da ofis kafin in yi irin wannan aiki. Ranar, saboda ina ɗokin aika masa bidiyon da zafinsa, na bar ta a jone.

A ofis kuwa Malama Rifkatu, malamar lissafi kuma mai haɗa sakamakon jarrabawa, tana kan kwamfutarta. 'Yar Filato ce, ta shekara da yawa a Sakkwato, kuma ta girme ni nesa. Kwana tara ta yi tana shigar da makin yara, ranar Asabar iyaye za su zo karɓar sakamako. Kwamfutar tata daga ɗakina aka ɗauko ta bara, kuma ni da hannuna na saita ta ta fara neman netwok in ta tashi. Na manta shaf.

Ina tsakiyar bidiyo, ina magana da Turancina na fushi, aka ɗauke wuta. Maigadi ya tayar da janareta. Kwamfutocina suka tashi reras, suka ƙirga biyar, suka kama aiki. Har na juya waya ina nuna su ina cewa, “Ka gani? Ba wanda ya taɓa komai!”

Sai na ji muryar Malama Rifkatu daga baranda.

“Injiniya! Zo ka ga, kwamfutata tana wani rubutu fari a baƙi. Na je ɗebo ruwa ne kawai.”

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na isa na tarar layin da ke nuna ci gaban sharewar ya kai rabi. Na fizge wayar wuta, amma na san aikin gama ya gama.

“Me ka yi?” in ji ta.

Na ce wutar ce. Na zagi wuta, na zagi janareta, na zagi wanda ya ƙera kwamfutar. Tana tsaye da kofin ruwanta tana kallona.

“Ƙanena, wuta kullum ana ɗauke ta. Yau ce ta fara cin maki?”

Hayaniya ta fito da shugaban makaranta, Malam Sambo, dattijo mai sanyin magana wanda in ya fusata Sakkwatancinsa ke fitowa tsantsa.

“Kai, mi kay yi ma wagga na'ura? Ina makin ɗiyan mutane?”

Na fara bayanin uwa da netwok da sakan biyar. Ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Ba wanda yag gaya maka abin ga na iya faruwa?”

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Wayata tana hannuna, bidiyon bai ma tsaya ba, saƙon mai hoton kyanwa yana ciki. Na sunkuyar da kai na ce, “An faɗa mini, Malam.”

“Kac ce mi?”

“Na ce ya je ya sayar da tumatir.”

Malama Rifkatu ta yi wata dariya wadda babu daɗi a cikinta ko kaɗan, ta buɗe kabad ta fito da takardun makin da malamai suka rubuta da biro, tuli guda ɗaure da kyauro. Allah ya sa ba ta yarda da na'ura ba, ba ta taɓa zubar da takarda.

“Ga tumatirinka,” ta ce. “Asabar da safe.”

Kwana biyu da rabi na yi a kujerarta, tana karanto suna da maki ina bugawa. In na yi kuskure sai ta ce, “A hankali, ƙwararre.” An raba sakamako ranar Asabar, aji ɗaya ne ya jira har azahar, ni aka tura in ba iyayen haƙuri.

Ranar Litinin na gyara misalin yadda mutumin ya ce. Na ƙara gargaɗi cewa a inda ake yawan ɗauke wuta, kwamfuta tana tashi ba tare da kowa ya kunna ta ba. Na ba shi haƙuri a bainar jama'a, a ƙarƙashin zagin da na yi masa. Bai ko ambaci zagin ba. Ya ce batun wutar bai taɓa zuwa masa a rai ba, ya ji daɗin ƙarin, ya karɓi gyaran.

To, sunana ya shiga littafin. Layin da ya fi amfani a cikin duk abin da na rubuta shi ne na gargaɗi kan mutane irina. Yanzu in an gyara mini aiki raina ya fara tafasa, nakan ƙirga biyar kafin in taɓa komai, sannan in leƙa in ga ko wayar ofis tana jone.