Taswirar da ta nufi Kamaru

Ana jibi ɗaurin auren ƙanwata a ƙauyenmu na bayan Mai'aduwa, na hana kowa yi wa dangin ango kwatance. Daga Kano za su taso. Ni injiniya, na ce zamanin "ku sha kwana wajen kuka" ya wuce. Na ɗora taswira a shafin intanet, manhajar nemo hanya ta zana shuɗin layi, na tura musu ban duba ƙarshensa ba.

Ashe lambobi biyun da ke nuna inda ƙauyen yake a taswira na juya, ta gaba ta koma baya.

Ranar Asabar liman ya zauna, goro ya iso, babu wakilin ango. Kawu Sale ya kira shi.

"Alhaji, kuna ina?"

"Mun wuce Birnin Kudu. Na ce hanyar Daura ba nan take ba, yara suka ce taswirar injiniya ce."

Kawu ya karɓi wayata, ya bi layin da yatsa har cikin Kamaru, ya miƙo min. Sai bayan la'asar aka ɗaura.

Har yau in na tashi zuwa masallacin ƙofar gida, Kawu kan ce, "Injiniya, ka ɗauki fasfo?"